Kazu: Abin Busar da Ba a Hura Masa Iska

Idan yaronki ya taɓa dawowa daga biki ko walimar makaranta da wani ɗan bututun roba da bai wuce tsawon tafin hannunki ba, kai ɗaya mai faɗi, ɗayan tsukakke, da ɗan murfi zagayayye a gadon bayansa, to kin riga kin ga kazu. Ƙila ma kin share shi cikin bola, domin yaron ya hura har kumatunsa sun gaji bai ji komai ba sai hucin iska. Namu ma saura ƙiris ya bi shara. Ƙanwata ce ta kawo wa ɗana tsaraba daga Kano, ya wuni yana fama da shi, da yamma ya kawo mini ƙara wai an sayo masa mataccen usur.

Uwar mijina ce ta cece shi. Ta zo mana kwana biyu daga Bungudu, ta karɓi abin, ta kwance murfin, ta ga 'yar farar leda a ciki, sai ta fashe da dariya. Ta ce, "Ke 'yar nan, ai busar gwanda ce aka ɗinka wa riga." Ta sa a baki, ta rero wata waƙar raino a ciki. Nan take tsakar gida ta cika da wata ƙara kamar ƙudan zuma sun koyi waƙa. Yaron ya saki baki yana kallon kakarsa.

Abin da Hajiya ta gane da kallo ɗaya shi ne duk sirrin kazu: ba shi da muryar kansa. Sarewa da algaita da usur iska ake hura musu su yi kuka. Shi kuwa muryarki yake ara. Ɗora yatsa a maƙogwaronki ki ce "mmm", za ki ji wurin yana rawa. Yanzu hura iska kamar mai fifita koko, za ki ji shiru. Waccan rawar ce ke bi ta cikin bututun ta kaɗa siririn tantanin da ke ƙarƙashin murfi, shi kuma ya mayar da ita da kaushi da ƙarfi. In babu murya, babu abin da zai kaɗa shi, ko da za a kwana ana hurawa.

Dabarar ta girme wa sunan nesa ba kusa ba. Masu kiɗan balafon na Mali da Gine da Burkina Faso, da masu irinsa a arewacin Gana, suna huda ƙoren da ke rataye a ƙarƙashin itatuwan kiɗan, su liƙe hudar da farin tantanin da gizo-gizo ke rufe ƙwansa da shi, don sautin ya riƙa fita da 'yar karkarwa. Yau da yawansu sun koma leda ko siririyar takarda. A sassa da dama na Nijeriya, masu shigar dodanni sun daɗe suna magana ta cikin bututu mai tantani, don kada mata da yara su gane muryar wanda ke cikin rigar. Kunnen Bahaushe ma ya san wannan daɗin. Ki saurari garaya da kyau: ban da kukan tsarkiya akwai wani ƙaƙas-ƙaƙas na ƙarfe da ke raka kowane bugu. Haka 'yar igiyar da ke kwance a kan fatar ganga. Makaɗanmu ba sa son sauti ya fito sumul kamar tuwo ba miya.

A Turai kuwa, wani malami Bafaranshe mai suna Marin Mersenne ya bayyana wani bututun katako da ake rera waƙa a cikinsa a littafinsa na 1636. Tantanin irin wannan bututu sau da yawa ɓawon albasa ne, wannan dai da kike zubarwa kullum in za ki yi miya.

Sunan kazu da siffarsa ta yanzu a Amurka aka same su. A 1883 wani Warren Herbert Frost ya karɓi takardar mallakar fasaha kan wani abin wasa da ya kira da wannan suna. A 1902 George D. Smith na birnin Buffalo ya yi rajistar na ƙarfe mai siffar ɗan kwalekwale, wanda na roban da ke hannun yaronki ya kwaikwayo. Daga 1916 aka shiga ƙera su da yawa a garin Eden na jihar New York, kuma masana'antar tana nan har yau, da ɗan gidan tarihi a jikinta. In kin bincika a waya za ki ci karo da labarin wani baƙar fata, Alabama Vest, da aka ce shi ya ƙirƙiro shi a jihar Jojiya wajajen 1840. Labarin yana da daɗin ji, amma babu wata takardar wancan zamani da ta tabbatar da shi, don haka kada ki koya wa yara shi a matsayin tarihi.

Talakawa ne suka fara riƙe shi da gaske. Baƙaƙen fatar kudancin Amurka da ba su da kuɗin sayen manyan kayan busa sun haɗa shi da tulu da allon wanki suka yi kiɗansu. Daga baya ya shiga faifai, har Jimi Hendrix ya yi amfani da mataji da takarda, wato kazun gida, a wata waƙarsa ta 1968. A watan Maris na 2011 mutum 5,190 suka busa shi tare a zauren Royal Albert Hall na Landan, suka shiga kundin Guinness. Ni dai na gode Allah ba a unguwarmu aka yi ba.

To yaya za ki koya wa yaro? Kada ki ce masa "busa", domin da ya ji wannan kalma hurawa zai yi. Ki ce ya ce "duuu" da bakinsa kawai, ya ja ta da tsawo. Yana cikin ja sai ki sa masa kan mai faɗin tsakanin leɓɓansa, ya riƙe shi sako-sako ba tare da cizo ba. Yawancin yara a nan take suke kamawa, sai ki ga ido ya zaro. In ya samu, ya gwada "du-du-du" ko "tu-tu-tu", harshe ne ke yanka sautin gunduwa-gunduwa. Hawa da sauka duk daga muryarsa ne, babu ramin da ake toshewa da yatsa. In ya yi ƙoƙon hannu a ɗaya kan yana buɗewa yana rufewa, zai ji abin yana cewa "wa-wa". Idan shiru ya yi yawa, duba abu uku: ko yatsa ya danne murfin, ko an ɗaure murfin tamau har tantanin ya kasa motsi, ko yawu ya jiƙa shi. Na ƙarshen shi ya fi faruwa, magani kuwa a ajiye ya bushe.

Ki fara da abin da ya riga ya sani: waƙar gaɗa, waƙar makaranta, taken ƙasa. Wasan da ya fi karɓuwa a gidana shi ne ɗaya ya rera ba kalmomi, sauran su canki waƙar.

Ba dole sai kin saya ba, kuma a nan ne nake son ki tsaya. Mu da muka tashi a Tsafe mun yi motar kara da busar kara bayan an yanke dawa, ba wanda ya saya mana komai. Yau iyaye da yawa a Tsafe da Bungudu da gefen Gusau ba sa barin yaro ya yi nisa da ƙofar gida, kuma kowa ya san dalili. Yaron da aka tsare a gida, in ba a ba hannunsa aiki ba, wayarki zai nema. Ki samo hannun ganyen gwanda, wannan mai rami a ciki, ki yanke tsawon taƙi ɗaya, ki wanke farin ruwan da ke fita tas, ki bar shi ya sha iska, don ruwan yana sa ƙaiƙayi a leɓe. Ki rufe kai ɗaya da leda mara kauri, ki ɗaure da zare, kada ta yi tauri kamar fatar ganga, kada kuma ta yi lakwab. Ki ɗan fafe rami a jikinsa kusa da ledar, nan za a sa baki a rera. Kwalin cikin tishu ma yana yi: leda a kai ɗaya, ƙaramar huda a gefe, baki a buɗaɗɗen kan. Mafi sauƙi, ki naɗe tsaftataccen mataji da siririyar takarda, ya ɗora a leɓe ya ce "duuu". Zai yi masa cakulkuli, dariyar ma riba ce.

Yanzu bari in sa farar rigata. Kada ki ba yaron da bai kai shekara 3 ba, domin murfin yana kwancewa, shi da ledar kuma duk suna iya shaƙe shi. Kada ki yi tantanin da fasasshen balan-balan ko kaɗan. In ya faɗa maƙogwaro mannewa yake yi, fitar da shi kuma aiki ne ja. Kowane yaro da nasa, ki rubuta suna a jiki, don mura da hangum da ƙurajen baki ta yawu suke tafiya. Na roba a cire tantanin a wanke da sabulu, na gwanda a yar bayan kwana ɗaya ko biyu. Na ƙarfe mai tsatsa ko mai fenti yana ɓarewa kada ya kusanci baki. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba tun abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma tsohon fenti ma yakan ƙunshe ta.

Masu gyaran murya da magana sukan sa majiyyaci ya rera ta cikin tsinken shan lemo ko kazu, saboda tsuke hanyar fitar iska yana rage wa maƙogwaro wahala. Na kuma ga yaro mai kunya da ba ya iya waƙa gaban mutane ya saki jiki da ya samu abin fakewa a baki. Amma kada wani ya sayar miki da shi a matsayin magani. Yaron da ya cika shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ko muryarsa ta dishe fiye da mako uku, asibiti za ki kai shi a duba kunne da maƙogwaro.

Saura maganar ƙara, don ba zan ɓoye miki ba, yana da ita. Kowane gida da tsarinsa game da kiɗa da busa, ki yi shawara da maigida tun kafin ki ɗauko wuƙa. A namu dokar ita ce bayan la'asar zuwa kafin magariba, ban da lokacin kiran salla, ban da ranar da na kwana a wurin aiki. Ragowar lokaci kazun suna cikin gwangwanin madara a saman firji. Hajiya da za ta koma Bungudu ta yanko hannun gwanda uku daga bayan ɗakinmu, ta ce na jikokinta na can ne.