Tsohuwar Motar Soja Ta Koma Ɗakin Kwana: Birki Ake Fara Gyarawa

A ƙasashen Turai da Amurka, idan motar soja ta tsufa, hukuma takan yi gwanjonta. Farar hula sukan saye ta. Wasu su yi dakon kaya da ita. Wasu kuma su gina ɗaki a bayanta. Su sa gado, da murhu, da tankin ruwa. Sai mota ta zama gida. Duk inda dare ya yi wa mai ita, nan ne masaukinsa.

Dattawan da ke zaune a kan hanyar Agadas zuwa Damagaram zuwa Kano sun san irin waɗannan motoci. A shekarun 1970 da na 1980, Turawa 'yan yawon buɗe ido sun riƙa ƙetare Sahara a cikinsu. Sukan biyo ta Tamanrasset a ƙasar Aljeriya. Da yawa daga motocin ƙirar Bedford ne, waɗanda sojan Ingila suka gama aiki da su. Daga farkon shekarun 1990 wannan tafiya ta ja baya saboda rashin tsaro a hanyar.

Gina ɗakin ba shi ne babban aiki ba. Kafinta da mai walda sun iya shi. Babban aiki shi ne gyaran birki. Wanda ya gina ɗaki mai kyau a kan mota marar birki, ya jefa ransa da na iyalinsa cikin haɗari.

Motar da ake kira M35

A Amurka, ɗaya daga cikin motocin da ake yi wa wannan aiki ita ce M35. Sojan ƙasar sun fara amfani da ita wajen shekarar 1950. Tana da ƙafa shida, kuma duk shidan suna ja. Tayoyinta goma ne, biyu a gaba, takwas a baya. An ƙera ta don ɗaukar tan biyu da rabi a cikin daji. A kan kwalta takan ɗauki ninkin haka. Ita kanta, ba tare da kaya ba, nauyinta ya kai wajen tan 6.

Bayanta yana da tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 8. Wato kamar ƙaramin ɗaki ke nan. Injin yawancinsu yana shan dizal, kuma yana karɓar kananzir idan ta kama. Ba ta da gudu. Iyakarta wajen kilomita 90 a awa. Amma tana ratsa yashi da taɓo inda ƙaramar mota ba ta isa ta shiga ba.

Mutane suna son ta saboda araha da ƙarfi. To, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Motar soja takan yi shekaru tana ajiye a bariki. Mai saye yakan duba ya ga ba ta yi tafiya da yawa ba, sai ya yi murna. Bai san zama ma yana cin mota ba. Roba takan bushe ta tsage. Ƙarfe yakan yi tsatsa daga ciki. Wurin da wannan ɓarna ta fi muni shi ne birki.

Yadda birkinta yake aiki

Birkin ƙaramar mota da mai yake aiki. Birkin tirela da iska yake aiki. Ita kuwa M35 ta haɗa duka biyun.

Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana matsa mai a cikin wani ƙaramin famfo. Makanikai suna kiransa masta. A wannan mota yana ƙarƙashin daɓen gidan direba. Man yana bin bututu zuwa wata na'ura mai ƙara ƙarfi. Wannan na'ura tana samun iska daga tanki. Iskar ce take ninka ƙarfin ƙafar direba. Daga nan man ya rarrabu zuwa ƙafafu shida. A kowace ƙafa akwai ƙaramar silinda. Ita ce take tura takalman birki su goga a jikin gangar ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Sai mota ta tsaya.

Akwai abu biyu masu haɗari a nan. Na farko, a yawancin tsofaffin M35, hanyar man guda ɗaya ce tak. Idan tiyo ɗaya ya fashe, man duka zai zube. Ƙafafu shidan su rasa birki lokaci guda. Motocin zamani suna da hanya biyu, idan ɗaya ta lalace ɗayar ta riƙe. Na biyu, idan iskar tirela ta ƙare, birkinta yakan kama da kansa. Wannan mota ba haka take ba. Idan iskarta ta ƙare, birki yakan yi tauri, direba ya taka iya ƙarfinsa amma motar ba ta tsaya da wuri ba.

Abin da ya rage shi ne birkin hannu. Shi kuwa an yi shi ne don riƙe mota a tsaye. Ba a yi shi don tsayar da tan 6 da ke gangara ba.

Gyaran ɓangaren mai

Ana fara aiki a wuri mai tauri, wanda ba gangare ba. A sa weji a gaba da bayan taya. Idan an ɗaga mota, a tokare ta da ƙarfe ko katako mai kauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Sai a cire tayoyi, a buɗe ganguna duka shida. Ba a buɗe biyu a ce sauran ma lafiya suke. A duba silinda. Idan akwai danshin mai a bakinta, robarta ta mutu. Idan cikinta ya yi ramukan tsatsa, sabuwar roba ba za ta yi amfani ba. Sai dai a canza silindar gaba ɗaya.

A duba takalman birki. Idan sun cinye, a canza su. Idan giris ko man giya ya jiƙe su, nan ma a canza su, a kuma toshe inda man yake yoyo. Takalmin da ya sha mai ba ya kamawa. Idan za a canza na ƙafar hagu, a canza na dama tare. In ba haka ba, mota za ta riƙa fizga gefe ɗaya.

Ƙurar da ke cikin ganga ba a hura ta da baki ko da iska. Tsofaffin takalman birki sukan ƙunshi wani abu da ake kira asbestos. Shaƙar ƙurarsa tana lalata huhu, kuma tana kawo ciwon daji. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Tiyon roba kuwa a canza su duka, ko da sun yi kyau a ido. Tiyo yakan ruɓe daga ciki. Bututun ƙarfe a bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda tsatsa ta ci, a sa sabo. Ba a yi wa bututun birki faci. Ba a kuma naɗe bakinsa a toshe don a rufe ƙafar da ke yoyo. Masta da na'urar ƙara ƙarfi su ma a kwance su, a wanke, a sa sababbin robobi.

Man birki iri-iri ne

Kowane gwangwanin man birki yana da lamba a jikinsa. Wanda aka saba gani a kasuwa shi ne DOT 3 ko DOT 4. Irin wannan mai yana tsotsar ruwa daga iska a hankali. Ruwan ne yake kawo tsatsa. Kuma idan birki ya yi zafi, ruwan yakan tafasa, birki ya ɓace. Don haka ake canza shi duk bayan kamar shekara biyu.

Sojan Amurka suna zuba wani iri daban mai suna DOT 5. Launinsa shuni ne idan sabo ne. Ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4. Kafin a ƙara mai, sai a san wanda ke ciki. Idan za a koma wani iri, sai a zubar da tsohon, a wanke hanyar duka.

Ba a zuba man inji a birki, domin yana kumbura roba. Ba a kuma zuba ruwan sabulu, kamar yadda wasu direbobi ke yi idan mai ya yanke musu. Ruwa yana tafasa da wuri, kuma yana cin ƙarfe.

Bayan an haɗa komai, sai a fitar da iskar da ta maƙale a cikin bututun mai. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka birki ya riƙe. Ɗayan ya kwance ƙaramin noti, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. A yi ta yi har kumfa ta ƙare. Ana farawa daga na'urar ƙara ƙarfi, sannan ƙafar da ta fi nisa. A kula kada masta ya ƙafe ana cikin aiki. Idan an gama, birki zai yi ƙarfi a ƙarƙashin ƙafa. Idan yana lotsawa kamar soso, akwai sauran iska.

Gyaran ɓangaren iska

Injin mota yana juya wani famfo da ke ɗura iska a tanki. A gaban direba akwai agogon iska. Idan allurarsa tana tsakanin 90 da 120, iska ta isa. Idan ta sauka ƙasa da 60, wata ƙararrawa tana kuka. Wasu sukan cire wayar ƙararrawar don ta dame su. Wannan ganganci ne. Muddin tana kuka, ba a motsa mota.

Iska tana tara ruwa a gindin tanki. Kowane tanki yana da ƙaramin famfo a ƙasansa. A buɗe shi kowace rana bayan an gama tafiya, ruwan ya fita. Idan baƙin mai ya biyo ruwan da yawa, famfon iskar ya gaji.

Gane yoyon iska ba wuya. A cika tanki, a kashe inji, a zuba wa agogo ido. Idan allura tana sauka, akwai yoyo. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu. Inda kumfa ta tashi, nan ne. Wannan shi ne amfanin ruwan sabulu a aikin birki.

Taya

Birki mai kyau ba ya amfani a kan ruɓaɓɓiyar taya. Tayoyin da aka yi daga shekarar 2000 suna da lamba huɗu a gefensu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2315 yana nufin mako na 23 na shekarar 2015. Tayar da ta tsage a gefe a canza ta, ko da zanenta bai goge ba.

Ƙarfen ƙafar wannan mota yana da zobe da ke riƙe taya. Idan zoben bai zauna daidai ba, yakan yi tsalle da ƙarfi yayin da ake ba taya iska. Ya sha kashe masu faci. A sa tayar cikin keji na ƙarfe, ko a ɗaure ta da sarƙa, mutum ya tsaya a gefe.

Sannan a zo kan ɗaki

Idan birki ya samu, sai a kira mai walda da kafinta. Ƙashin motar, wato shasi, an yi shi ne ya riƙa murɗewa a kan gargada. Idan aka manne ɗaki da shi gam da walda, bangon ɗakin zai tsage. Saboda haka masana sukan ɗora ɗakin a kan mahaɗa uku, ko su sa sifirin a ƙusoshin da ke riƙe shi. Sai shasi ya murɗa, ɗaki ya zauna lafiya.

Kaya masu nauyi a sa su a ƙasa, kuma a raba su hagu da dama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Duro mai lita 200, kilo 200 ke nan. Idan aka ɗora shi a kan rufi, mota za ta iya kifewa a kwana. A haɗa lissafin katako, da ƙarfe, da ruwa, da batir, da mutane. Kada jimlar ta wuce abin da aka rubuta a jikin motar. Duk nauyin da aka ƙara, birki ne zai biya.

A yi taga a ɓangare biyu, a sa musu ragar sauro. A yi wa rufi farin fenti don rage zafi. Tukunyar gas ta girki a ajiye ta a akwatin da ke buɗewa ta waje, a huda ƙasansa. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi idan ya yi yoyo. Ba a hura gawayi a rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa ba shi da wari, kuma yana kisa cikin barci. A ajiye abin kashe gobara kusa da ƙofa.

Wutar motar soja mai ƙarfin 24 ce, ta batir biyu. Ta ƙaramar mota 12 ce. Duk fitila ko fankar da za a sa, a duba lambarta tukuna. Ya fi kyau ɗakin ya samu batirinsa daban, da faifan sola a kan rufi.

Takardu da fenti

A adana takardar gwanjo, domin ita ce shaidar mallaka. A yi rajista, a yanki lamba da inshora. A goge duk alamar soja. A Nijeriya akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai launin koren soja. Wanda ya sayi irinta a nan, sai ya sake mata fenti.

Gwaji kafin tafiya

Idan an gama, a cika mota da kayanta. A kai ta fili inda babu mutane ko dabbobi. A gwada birki a hankali, sannan a ƙara gudu kaɗan. A taɓa gangunan da bayan hannu. Wadda ta fi sauran zafi tana kamawa fiye da kima. Wadda ta yi sanyi ba ta aiki.

Direba ya sani cewa idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa yana ninkawa sau huɗu. A gangare, ya sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya taimaka wa birki. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ƙona shi kafin ya kai ƙasa.

Wannan bayani bai tsaya a kan motar soja ba. Ya shafi kowace tsohuwar babbar mota da ke kai hatsi da mutane kasuwa. Kowace safiya a duba man birki. A duba agogon iska. A leƙa cikin tayoyi ko akwai danshi. Aikin minti biyar ne, kuma rigakafi ya fi magani.