Daga jingina zuwa caca: asalin kalmar "wager"

Kalmar da na ɗauko mana yau ita ce "wager", wadda Turawan Ingila ke faɗa idan mutum ya sa kuɗi a caca.

Asalinta ba ta Ingila ba ce. Normawa ne suka shigo da ita, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma ta fara fitowa a rubutun Turanci wajen shekarar 1300. A bakinsu ma'anarta jingina ce, wato abin da mutum zai ajiye don a yarda zai cika alkawari. To kun ga, abin da ɗan caca ke yi ke nan: ya ajiye kuɗinsa a kan maganarsa, in ta faɗi ƙasa, shi ke nan, sun tafi.

Ni dai danginta ne suka fi burge ni. "Wage", ladan aiki, tushensu ɗaya. Mutanen Paris kuwa da "g" suke furta ta, su ce "gage". Daga nan aka samu "mortgage", bashin sayen gida, wanda in ka fassara shi kai tsaye, matacciyar jingina ke nan.

In aka koma can baya, duk daga tsohon harshen kakannin Jamusawa da Turawan Ingila suka fito, wanda ya haifi "wed", ɗaura aure. Ashe ango ma jingina yake bayarwa! Jamusawa kuwa har yau in za su yi caca, "wetten" suke cewa.