Agwagin da suka ɓace kafin yara su fara mutuwa



A farkon 2010, mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun lura agwaginsu na ta raguwa. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, don kowa ya san tsuntsaye na mutuwa idan annoba ta shigo. Bayan 'yan watanni sai yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Da likitocin MSF da masana na hukumar CDC ta Amurka suka bincika, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake dakawa cikin gidaje, a wurare irin su Dareta, Abare da Bagega. Yara sama da 400 suka rasu. Ashe agwagin nan gargaɗi ne, don su suka riga kowa tsattsagar ƙasar da shan ruwan kududdufan.

Haka abin yake ga naman daji. Barewa da gada ciyawa da ganye suke ci, sukan kuma lashi ƙasa don neman gishiri. Idan ƙurar dalma ta sauka a wurin, da ita za su haɗiye. Gubar ba ta saurin fita, taruwa take a hanta, ƙoda da ƙashi. Ga kuma harsashin maharbi: dalmarsa kan farfashe cikin tsoka, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani. Shi ya sa a Amurka da Turai hukumomin lafiya ke jan kunnen masu ciki da yara kan naman da aka harba da shi. Kuma fa dafuwa ko gashi ba sa kashe dalma, ba ƙwayar cuta ba ce.

To mu a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ina ruwanmu? Ruwanmu da yawa. Kaji, dusa da buhunan hannu daga ko'ina suke shigowa kasuwanninmu, matasanmu kuma na zuwa haƙar zinare su dawo gida da kayan aikinsu. Kazar da ke kiwon sake a ƙasa mai dalma, gubar na iya kaiwa har cikin ƙwanta. Masu wanke zinare kuma da zaiba suke aiki. Idan ta shiga ruwa, ƙananan halittu su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, tarwaɗa ta cinye shi. Duk hawa ɗaya gubar na ƙaruwa, mu ne na ƙarshe a layi.

Don haka:

Kada a niƙa masara ko dawar kaji a injin da ya taɓa niƙa dutsen ma'adinai.

Kada a zuba abinci a buhun da ba a san abin da ya ɗauko ba.

A nisanta tsohon batirin mota daga akurki, kada a mai da kwankonsa mazubin ruwa.

Mai jan ruwa daga gulbin Gagare ko Bunsuru zuwa tafkin kifinsa, ya san abin da ake yi a sama da shi.

Idan agwagi ko kaji suka fara mutuwa ba dalili, kada a yanka a kai kasuwa. A kira malamin dabbobi, a kuma duba lafiyar yaran gidan.

Allah ya tsare mana iyalanmu da dukiyarmu. Ku tura wa sauran makiyaya.