Littafi na Biyu na Magana Jari Ce a Idon Masu Karatu

Duk wanda ya zauna da malaman Hausa a makarantun Dutsin-Ma da Kurfi, ko da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke shirin zama malamai, zai lura da cewa ba a cika yin gardama a kan littafi na ɗaya na Magana Jari Ce ba. Kowa ya yarda da shi. Littafi na biyu ne ke raba kan masu karatu, har a ji mutum biyu da suka karanta shi a aji ɗaya suna yi masa hukunci iri biyu. Wannan saɓani yana da tushe a cikin ginin littafin kansa.

Alhaji Abubakar Imam (1911-1981) yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina aka ɗauke shi aro zuwa Hukumar Talifi a Zariya cikin 1936, ƙarƙashin Dokta Rupert East, domin ya rubuta littattafan karatu na makarantu. Abin da ya fito daga wannan aiki shi ne littattafai uku da aka buga tsakanin 1937 da 1939, masu ɗauke da labarai sama da 80. Da yawa daga cikinsu an ciro su ne daga adabin Larabawa da na Indiya da na Turai, aka yi musu riga da wando na Hausa, kamar yadda binciken Farfesa Ibrahim Malumfashi ya fayyace. Zaren da ya ɗinke su duka shi ne aku mai magana.

A littafi na ɗaya, labari maganin mutuwa ne. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, ɗan sarki Musa kuwa ya ƙagara ya fita daga fada ya bi Mahmudu. Duk daren da aku ya riƙe shi da labari, an tsawaita ransa da kwana ɗaya ke nan. Saboda haka mai karatu yana sauraron labarin da kunne ɗaya, ɗaya kunnen yana bakin ƙofa. Wannan dabara tsohuwa ce; ita ce ta Shaharzad a Dare Dubu da Ɗaya, ita ce kuma ta littafin aku na Indiya mai suna Shukasaptati.

To, a littafi na biyu an kau da wannan haɗari. Makirci ya tonu, aku ya zama Waziri, abin da ya rage shi ne gasar ba da labari tsakaninsa da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, a gaban alƙalai. A nan ne rukuni na farko na masu karatu ke kafa hujjarsu. Suna cewa babban labarin ya tsaya cik, ba wanda zai mutu in aku ya faɗi, kuma tun kafin a fara kowa ya san wanda marubucin ke so ya ci. Wannan zargi ba a raina shi ba, domin gaskiya ne cewa zullumin da ke jan yaro ya buɗe shafi na gaba ya ragu ƙwarai. Irin wannan ƙorafi ne ake yi wa littattafan tsakiya a ko'ina, har da na Tolkien da ya fito a Ingila cikin 1954, wanda ba shi da mafari nasa, ba shi kuma da ƙarshe nasa.

Rukuni na biyu, waɗanda galibinsu manya ne da suka koma wa littafin bayan shekaru, suna ganin a nan ne alƙalamin Imam ya fi sakewa. Dalilinsu shi ne, tun da yake ba a bukatar kowane labari ya zama gargaɗi ga Musa, marubucin ya sami damar kawo na ban dariya da na soyayya da na ban al'ajabi, gajere da dogo, yadda ya ga dama. Kuma da yake gasa ake yi, dole ne ya ba Haziƙ labarai masu kyau, in ba haka ba nasarar aku ba ta da daraja. Akwai masu karatun da har yau ke rantsuwa cewa a wasu zagaye an zalunci Haziƙ.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce mabuɗin al'amarin, ko da yake masu yin ta ba su cika lura ba. Mutum ba zai ce an zalunci Haziƙ ba sai ya auna labari da labari, ya fifita wani a kan wani, ya kuma kawo dalili. Watau Imam ya tayar da mai karatu daga shimfiɗar Musa, inda aikinsa sauraro ne kawai, ya zaunar da shi a kujerar alƙali. A littafi na uku zai sake matsar da shi zuwa wurin ɗalibi, inda aku ke koya wa ɗansa Fasih dokokin sana'ar. Idan aka tuna cewa don makaranta aka rubuta littattafan, wannan jeri yana da ma'ana: a ji labari, a auna shi, sa'an nan a koyi ƙirƙirarsa. Waɗanda suka ce littafi na biyu ba ya tafiya sun duba tafiyar Musa ne, alhali wanda aka matsar shi ne mai karatu.

Sai dai yadda ake karanta littafin a aji yakan ɓoye wannan. An saba malami ya tsamo labari guda, a karanta, a fitar da jigo da karin magana, a wuce. Littafi na ɗaya yana jure wa irin wannan yanka, domin kowane labari yana tsaye da darasinsa. Na biyu kuwa yana asarar rabin armashinsa, saboda labarin aku amsa ce ga na Haziƙ, kuma wanda bai ji tambaya ba ba zai gane kyan amsa ba. Malamin da ya raba ajinsa biyu a Kurfi, ya ba wani sashe Haziƙ, wani sashe aku, ya naɗa 'yan aji uku alƙalai, zai ji gardamar da ba ta ƙarewa kafin a buga ƙararrawa.