Yini Guda a Lungunan Zanzibar

Tun da jijjifi kasuwar kifi ta Malindi take cika. Jiragen katakon da suka kwana a teku suna sauke abin da Allah ya hore, masu gwanjo na ta ɗaga murya, ƙarnin kifi ya gauraye da iskar gishiri. Ina ciro kyamara sai wani dattijo mai gyaran koma ya ɗaga mini hannu, ya kawar da kai. Ashe ko sallama ban yi masa ba. Na matsa na ce "Shikamoo", gaisuwar da ƙarami ke yi wa babba a nan. Ya amsa "Marahaba", ya gyara zaman hularsa, sannan ya ba ni dama.

Tsohon garin Zanzibar, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, an gina shi ne da dutsen teku. Lungunansa sun matse har mota ba ta iya ratsa yawancinsu, sai keke da babur. Da yake rana ba ta sauka ƙasa sosai, mai hoto yakan tsaya jiran haske ya faɗo kan ƙofofin katako masu sassaƙa. Wasu an jera musu ƙusoshin tagulla, wasu an zana ayoyin Alƙur'ani a samansu. A gindin gidajen akwai dakali, su suna ce masa baraza, inda maza ke shan gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Kai ka ce ƙofar gida ce a cikin birnin Kano bayan La'asar. A kasuwar Darajani kuwa ƙamshin kanumfari ne ya tare ni, irin wanda iyayenmu mata ke jefawa a kunu, ga shi tsibi-tsibi a tsibirin da ake nomansa.

Wajen azahar na isa majami'ar da aka gina a kan tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873. A harabarta akwai rami, cikinsa mutum-mutumi biyar, da sarƙa a wuyansu. Na daɗe a tsaye jikina a sanyaye. Hoto ɗaya tak na ɗauka.

Da rana ta yi gora sai kowa ya nufi Forodhani, gaban Beit al-Ajaib, ginin da Sarki Barghash ya yi a 1883. Samari na tsalle daga bangon gaɓa suna faɗawa ruwa, ana hura gawayi, ana matse rake da citta da lemun tsami.

Baƙi da yawa suna auna mata masu lulluɓi da yaran islamiyya da kyamara ba ko tambaya, kuma abin yana sosa mini rai. Garin nan gidan mutane ne, mai shiga gidan wani kuwa da sallama yake farawa. Da aka kira Magariba na rataye kyamarata, na bi sahun masunta zuwa masallaci.