Gaiwa a Ƙarƙashin Laka

Daga ƙarshen Disamba, idan hunturu ya kankama a ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, ruwan kududdufi kan riƙa ja baya yana barin laka tana tsattsagewa. Lokacin kamun kifi ke nan a wurin samari. Karfasa ba ta son sanyi, da sassafe takan lafe a ƙasa ta ƙi kula fatsa, sai rana ta ɗaga ruwa ya yi ɗumi. Masu koma kuwa ba ruwansu da jira, su faɗa ruwa iya gwiwa su kwaso ta tare da tarwaɗa. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji Hausawa, amma a ruwan da ya kusa ƙafewa gani ba ya hana kamu. Wadda ba ta tsayawa a ritsa da ita ita ce gaiwa.

Tun ruwa bai ƙare ba take haƙa rami da bakinta, tana cizon laka tana fitar da ita, ta nutsa kamar kamu guda. A can sai ta lanƙwashe, kai na kallon sama, wutsiya ta rufe fuska. Yauƙin jikinta ya bushe ya zama mata riga, a bar ɗan kafa daidai baki inda iska ke shiga. Da huhu take numfashi, kuma ko a cikin ruwa dole ta riƙa leƙowa tana shaƙar iska. In aka tare ta a ƙasa, nutsewa za ta yi ta mutu. Irin wannan kifi mai huhu kala 6 ne suka rage a duniya: 4 a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostareliya. Tamu ta nan wani masani ɗan Ingila, Richard Owen, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1839, daga wadda aka kai masa daga kogin Gambiya.

Abin da Bahaushe ya riƙe game da ita shi ne cin jikinta. Mutumin da ke cinye jarinsa, ko dangin da ke cutar junansu, sai a ce sun zama gaiwa. A bakin kududdufi ba a rasa mai rantsuwa cewa wutsiyarta take gatsa har damina ta faɗi, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: wutsiyar na dab da baki, sannan sau da yawa akan kama gaiwa da guntun bindi ko guntun hannu, hannun nan nata mai kama da zare. Mai wannan rubutu ya taɓa tsayawa a kan wata da aka tono da fartanya a busasshiyar fadama cikin watan Fabrairu. An ɓare rigar, ta yi wani ɗan gurnani, ta rame ƙwarai, amma wutsiyarta lafiya lau har tsini. Wani dattijo da ke wurin ya ce ai ba ta kai ga fara ci ba ne, kuma babu yadda za a yi a kayar da shi a wannan magana.

To amma dattijon bai yi nisa da gaskiya ba. Gaiwa na cin jikinta, sai dai baki ba ya cikin aikin. Cikinta kan daina aiki, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya yi ƙasa, jiki ya riƙa narkar da tsokarsa kaɗan-kaɗan, kamar mai gida da ke awon hatsin rumbu da tsanaki don ya kai kaka. Dattin da sauran kifaye ke zubarwa cikin ruwa, ita juya shi take ya zama sinadarin da ke cikin fitsari, ta tara a jiki ba tare da ya kashe ta ba. A hannun masu bincike an ga wadda ta haura shekara 3 a haka. Guntun bindin kuwa yawanci cizon ’yar’uwarta ne ko na wani kifi a damina, kuma yakan sake tsirowa. A nan ne karin maganar bai yi mata adalci ba. An mai da ita misalin ɓarna, alhali a duk fadama babu wanda ya kai ta tattali.

Akwai kuma labarin gaiwa da ta faɗo daga katanga da ruwan farko, wai an kwaɓa ta cikin tubali. Da yake kududdufi ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne, labarin na da wurin zama, ko da yake da wuya rigarta ta tsira daga tattakar masu kwaɓi. Wanda ya fi sauƙin warwarewa shi ne na kifin da ake cewa ruwan sama ne ya zubo da shi, don an ga tafkin da ya bushe ƙurmus ya wayi gari da kifi. A ƙasa yake tun bara.

Madatsun ruwa irin su Tomas da Gari da Watari, waɗanda aka fara shirinsu a zamanin Gwamna Audu Bako, tsakanin 1967 da 1975, sun ba masunta ruwan da ba ya ƙafewa. An ce kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, ita ma gaiwa ba ta nema ba. Fadama mai cika ta bushe ita ce gidanta. Da ruwan Yuni ya jiƙa laka, sai rigar ta yi laushi, ta sulalo ta shiga farautar kwaɗi da katantanwa, tana murƙushe ɓawo da faffaɗan haƙoranta. Tsakiyar damina macen ta zuba ƙwai a wani rami cikin ciyawa ta tafi abinta. Namijin ne ke zama gadi, yana kaɗa wutsiya don ruwa ya riƙa juyawa a kan ƙwan, kuma yaron da ya zura hannu cikin ramin a wannan lokaci zai sha cizo.