Famfon Taya Na Tafiya: Abin Dubawa Kafin A Saya

Duk magidancin da ya taɓa ɗaukar iyalinsa daga Malanville ya nufi Kandi ya san cewa da an wuce Guéné, masu faci kan yi wuyar samu. Tafiyar ta kai kilomita 100, kuma a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Tayar da iskarta ta ragu ita ce ke saurin ɗaukar zafi har ta fashe, ga mata da yara a cikin mota.

Shi ya sa muke ganin ƙaramin famfon da ake jonawa a ramin kunna sigari, mai bolt 12, ya cancanci kuɗinsa. Abu na farko da za a duba shi ne agogon awonsa. Mun sha ganin famfo mai ƙyalli wanda allurarsa ke ƙarya, har gara babu shi. A gwada shi a gaban mai kanti, a kwatanta da ma'aunin mai faci. Yawancin ƙananan motoci na buƙatar wajen bar 2,2, amma adadin kowace mota na rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

A tabbata wayarsa ta kai tayar baya. Mai babbar mota ya nemi wanda ake maƙalawa a batir, domin ƙaramin kan ƙona fiyus. A bar injin a kunne, bayan minti 10 a bar famfon ya huce. Tayar da ta yage kuwa, sai safaya.